Malama Petring da Dutsen Bayan Tukunya

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, Allah ya karɓi ran Malama Perpetua Dimaculangan a garinmu na Bauan, tana da shekara saba'in da takwas a duniya. In ka ce Perpetua ba kowa zai gane ba, Malama Petring gari ya sani. Ita ce ta koyar da falsafa da manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, a kwalejinmu tun kafin a haifi yawancin malaman da ke cikinta yau. Ina cikin aji labarin ya iske ni. Wata abokiyar aikina ta leƙo ta taga ta yafito ni, na fita ta faɗa mini, na dawo na sallami ɗalibai ba tare da na iya yi musu bayani ba.

Malama, ni ce Herminia, Minyang ɗinki, wadda kika ce ba ki taɓa koyar da mai taurin kai irinta ba, kuma da za ki yi ritaya kika damƙa mata ajinki. An roƙe ni in yi magana a coci na kasa. Ga shi na zauna ina rubutawa, don ke kika koya mini cewa abin da baki ya gaza ɗauka a ba wa hannu ya gwada.

Ina 'yar shekara goma sha bakwai na fara ganinki. Karatun jinya na zo yi, darasinki kuwa dole ne aka ɗora mana, muka shiga muna ƙunƙuni. Kika shigo da lema a hammata da gorar baƙin kofi a hannu, ba ki gaishe mu ba, kika juya allo kika rubuta layi biyu. Na farko ya ce duk ɗan Batangas, wato lardinmu, yana yawo da wuƙa a aljihu. Na biyu ya ce Fada Anselmo ɗan Batangas ne. Fada Anselmo shi ne limamin cocin makaranta, dattijo mai sanyin hali wanda ko sauro ba ya iya kashewa. Kika ajiye alli kika ce wani ya ƙarasa.

Can wani daga baya ya ce, "To ai Fada na da wuƙa ƙarƙashin farar rigarsa ke nan."

Muka fashe da dariya, wasu suna rufe baki don tsoron zunubi. Ke ko murmushi ba ki yi ba. Kika ce, "Ya ƙarasa daidai. Wa zai je ya laluba mana Fada? Ba kowa? To in ƙarshen ya yi muku wari, ku bar hararar wanda ya faɗe shi, ku koma ku duba abin da aka aza shi a kai."

A ranar kika ba mu misalin da ya bi mu har tsufa. Kika ce kowace magana da mutum ya tsaya a kanta tukunya ce, dalilansa kuma su ne duwatsun murhu. Wani lokaci duwatsun sun zauna daram amma ɗaya daga ciki ruɓaɓɓe ne, kamar wannan na cewa duk ɗan Batangas mai wuƙa ne. Wani lokaci kowane dutse lafiyayye ne amma an jera su yadda ba za su riƙe komai ba. Aikin manɗiƙi shi ne a durƙusa a leƙa ƙasan tukunya. Bayan 'yan makonni aka ga Fada Anselmo a inuwa yana fere ɗanyen mangwaro da wata 'yar wuƙa da ya zaro daga aljihu. Muka rugo muna murna mun kama ki. Kika kurɓi kofinki kika ce Fada ya fito da wuƙa, amma hakan bai sa wuƙa a aljihun sauran mutanen Batangas ba, ƙarya ma takan yi sa'a ta haifi gaskiya. Muka koma kujerunmu jiki a sanyaye.

Abin da kika fi nacewa a kai shi ne dutse na uku. Kika ce mutane kan nuna maka biyu su ɓoye ɗaya a bayan tukunya, kuma sau da yawa su kansu ba su san yana nan ba. In uba ya ce wa ɗansa kada ka yi mini gardama na girme ka, dutsen da ke baya shi ne duk wanda ya girme ka ya fi ka gaskiya. Da an jawo shi fili, shi kansa uban ba zai yarda da shi ba, don shi ma yana da wa wanda yake gani ba ya gane komai. Amma ba ki taɓa koya mana rashin kunya ba. Kin ce a fara ɗaukar hannun babba a ɗora a goshi kamar yadda aka saba, a zauna, a ci abin da ya bayar, sa'an nan a miƙa masa dutsen cikin tambaya, a bar shi ya auna da kansa. Da wannan na shawo kan mahaifina ya bar ni na sauya daga jinya zuwa falsafa. Har ya mutu yana cewa wata mata mai lema ce ta lalata masa 'ya.

Akwai lokacin da wani baƙon malami ya zo daga Manila ya ce a gaban taro mutanenmu ba su da falsafa, al'adu kawai gare su. Kin bari ya gama, aka kawo abinci, kika tambaye shi me ya sa ɗazu da ya buɗe ƙunshin shinkafarsa a gaban direban da ya kawo shi ya ce masa zo mu ci, alhali abincin na mutum ɗaya ne kuma ya san direban zai ce ya ƙoshi. Ya ce ai al'ada ce. Kika ce to a ƙarƙashin al'adar me ke akwai? Mutumin da ba zai iya kai loma baki a gaban baƙo ba sai ya gayyace shi, ya riga ya yanke hukunci a kan ko wane ne baƙon. Bai ɗauke shi wani can daban ba, ya ɗauke shi kapwa, wato wanda ba kai ba ne amma kuma kai da shi ba ku rabu ba. Kika ce wannan amsa ce ga tambayar da manyan littattafai ke ta fama da ita, sai dai mu ba mu rubuta ta ba, cinta muke yi sau uku a rana. Baƙon bai yarda gaba ɗaya ba, kuma kin ji daɗin hakan, kuka kwashe yammacin kuna musu har motarsa ta kusa tafiya ta bar shi.

Alherinki ba na surutu ba ne. Da mahaifiyata ta kwanta jinyar da ba ta tashi ba, ban gaya miki ba, amma kika lura ina gyangyaɗi a aji. Washegari sai ga ki a ƙofarmu da tukunyar ƙasa cike da kifin nan naki mai ɗan tsami da kike barinsa a wuta har ƙayarsa ta yi laushi. Kika zauna wurin mahaifiyata kika kore ni in je in yi barci. Haka kika yi wa ɗalibai da yawa da ban san adadinsu ba sai a wurin makokinki. Da za mu yi aure kuwa, ke muke fara tunawa. Rabin ma'auratan garin nan ke ce ninang ɗinsu, uwar da ke tsaya wa ango da amarya a gaban bagadin coci ta zama mai sa ido a kan aurensu. Ni ma ke kika tsaya mini, kuma ranar da na zo miki da kuka kan mijina Rodel, sai da kika sa na jera dalilaina ɗaya bayan ɗaya kafin kika yarda cewa shi ne bai kyauta ba.

Darasinki da ya fi shahara shi ne na tampo. Har waɗanda ba 'yan ajin ba sukan zo su tsaya a taga. Kowa a ƙasar nan ya san tampo: wanda kake ƙauna ya taɓa maka rai, ba ka yi faɗa ba, ba ka faɗi laifinsa ba, sai ka janye ka yi shiru kana jira ya gane ya zo lallashi. Kin ce bare ba a yi masa tampo, faɗa ake yi da shi a wuce wurin. Kin ce tampo hujja ce cikakkiya da aka ƙi furtawa, kuma dutsen da ke bayanta shi ne wanda ya damu da kai ya san abin da ya taɓa ka ba sai ka faɗa ba. Kina faɗin wannan fuskarki na haske, kina cewa ku duba yadda mutanenmu suka amince zuciya na iya jin zuciya. Mukan fita daga wannan darasi muna alfahari da kanmu.

Abin da duk Bauan ta sani, ba mai faɗa a gabanki, shi ne ba a taɓa yin tampo mai tsawon naki ba a garin. Da ƙanwarki Consolacion kike yi, wadda muke kira Tiya Choleng, wato Gwaggo Choleng, wadda gidanta ke manne da naki.

Zan faɗe shi don ke da kanki kika faɗe shi a bainar jama'a kafin ki tafi. Mijin Tiya Choleng ya rasu 'yarsu Divina na ƙarama. Ta tafi Italiya aikin kula da tsofaffi kamar yadda matan yankinmu da yawa suka yi, ta bar miki yarinyar. Ke ba ki yi aure ba. Ke kika yi wa Divina kitso, kika zauna da ita a asibiti lokacin ƙyanda, kika raka ta jarrabawa. Tiya Choleng ta dawo ta tarar Divina ta zama budurwa, ta gina gida a filin da ke gefen naki, 'yar gajeriyar katanga ce kawai tsakaninku. Da auren Divina ya tashi, kika zauna kina jiran ranar da ango da amarya za su zo da kayan zaƙi su roƙe ki zama ninang, yadda ake yi. Suka je gidan matar wani ɗan kasuwa, suka je gidan wata likita, ba su zo naki ba. Ba ki ce uffan ba. Ranar ɗaurin aure kika zauna a bencin baya, aka fito kika wuce gida ba ki taka wurin walima ba, ko ruwa ba ki sha ba. Daga ranar magana ta mutu tsakaninki da ƙanwarki, shekara ta bi shekara har ta kusa kai goma.

Amma ba gaba kuke yi ba, kuma wannan ne ya sa abin ya gagari kowa. Akwai wani kwanon sha mai murfi, shuɗi, na mahaifiyarku. Kullum da rana ɗayarku za ta zuba abin da ta dafa ta aza a kan katanga, ta ƙwanƙwasa murfin da cokali, ta shige ɗaki. Ɗayar ta fito ta ɗauka. Gobe ya dawo ta ɗaya ɓangaren, kuma bai taɓa dawowa ba komai, don a wurinmu mayar da kwanon maƙwabci a bushe abin kunya ne. In Tiya Choleng na tari, sai faten shinkafa da citta ya tsallaka. Da likita ya ce miki jininki ya hau, ba wanda ya gaya mata, amma gishiri ya ragu a girkinta. A coci benci ɗaya kuke zama, ke a wannan ƙarshe ita a wancan. In Fada na yanzu ya ce a yi wa juna gaisuwar salama, kowaccenku sai ta sunkuyar da kai ga iskar da ke tsakani. Mu da ke baya mukan danne dariya, amma abin yana mana ciwo.

An gwada shiga tsakani. Fada ya gwada, Divina ta yi kuka a gidan nan ta yi a wancan. Amsarku ɗaya ce kamar kun haɗa baki: ta san abin da ta yi. Daga nan ba mai ƙara kalma.

Bara gab da Kirsimeti likita ya ce zuciyarki ta gaji, ya kuma gaya wa Divina a gefe cewa kada a sa rai da nisa. Divina ta zo ofishina ido jawur ta ce, "Ate Minyang, yayata, uwa biyu gare ni, ɗaya za ta tafi ba ta yi wa ɗayar sallama ba, kuma a kan aurena ne. Yaya zan rayu da wannan? Ke kaɗai take saurara."

Ban yarda kina saurarata ba, amma na tafi. Na fara da gidan Tiya Choleng. Na same ta tana gyaran kifi a bayan gida, na ɗauki wuƙa na taya ta. Na ci abincinta, na yabi jikokinta, na yi ta kewaye-kewaye har ta gaji da ni ta ce, "Ke Minyang, faɗi abin da ya kawo ki, kin cinye mini shinkafa."

Na ce so nake in san me Malama ta yi mata.

Ta ajiye kifin. "Kujerar uwar amarya na sa aka ajiye mata. A babban tebur, kusa da Divina. Ni da na haife ta na koma gefe, don na san wa ya yi wahalarta. Dangin ango suna ta tambaya kujerar wa ce wannan, ina ta ƙaryar cewa Ate, wato yayata, na hanya. Har aka tashi kujerar nan ba kowa a kai."

Na ce ai Malama ninang ta so a roƙe ta.

Ta zaro ido. "Ninang? Ninang ai baƙuwa ce da ake zuwa roƙo da kayan zaƙi! Uwa ake roƙa ta zo auren 'yarta? Da na aika mata da yaran nan ai na zage ta."

"Kin gaya mata kin ajiye mata kujera?"

"Sai na faɗa? Ita da ta san komai?"

Na yi mata sallama na fito. Shekarun nan duka kowaccenku tana jiran a zo a lallashe ta, kuma kowacce ba ta san ɗayar ma jira take ba.

Na shigo wurinki da la'asar, kina kan kujerar kaba ƙafafunki sun kumbura. Na ɗora hannunki a goshina, na ce wani ɗalibi ya kawo hujjar da ta gagare ni: wata ta ce 'yar'uwarta ba ta damu da ita ba, don ta ɓata mata rai kuma ba ta zo lallashi ba.

Kika dube ni ta saman tabarau. "Ni za ki yi wa wayo? Ƙarnin kifin gidan can ko wanke shi ba ki yi ba."

"To amsa mini dai, Malama. Ina dutsen baya?"

"Wanda ya damu da kai ya san abin da ya taɓa ka ba sai ka faɗa ba. Tun kina majina nake koyar da shi."

"Har yanzu kina kansa?"

"Daram."

"To me kika yi wa Tiya Choleng?"

"Ni? Ni ce ma na yi mata?"

"Ta ce kin yi. Yana cinta tun ranar auren. Ke kuma ga shi ba ki sani ba." Na ƙara da cewa, "Ƙarasa mini maganar, Malama."

Ban taɓa ganin fuskarki haka ba. Hanya biyu ce kawai a gabanki, kuma kin fi ni ganinsu. Ko dai ki ce ba ki damu da ƙanwarki ba, ko ki yarda dutsen da kika gina darasinki mafi soyuwa a kai ruɓaɓɓe ne. Kika daɗe kina kallon katanga ta taga. Da kika buɗe baki cewa kika yi, "Mara kunya." Can kuma a hankali kika ce, "Me ta ce na yi?"

Na ce ba daga bakina za ki ji ba, bakin da ya sani yana nan bayan katanga. Kika ce ke ce babba, ita ya kamata ta zo. Na ce wannan ma akwai dutse a bayansa. Kika nuna mini ƙofa da lema.

Daga nan kika juyo da tampo kaina. Na kira waya ba ki ɗauka ba, na zo aka ce kina barci alhali ina jin rediyonki. Kirsimeti ta wuce ban ci komai a gidanki ba, karo na farko tun ina ɗaliba. Tsoro ya kama ni, Malama. Na ɗauka na ɓata abin gaba ɗaya, za ki tafi ba ki yi magana da ita ba, ni ma ba ki yi da ni ba. Rodel ya ce da na faɗa miki zancen kujerar kawai an huta. Wataƙila da gaskiyarsa, amma na san ki. Da daga bakina kika ji, da kin aika da faten shinkafa mai daɗi fiye da na kullum, shi ke nan an ci gaba da shiru.

Abin da ya faru bayan sabuwar shekara Tiya Choleng ce ta ba ni labari, maƙwabta suka cike gurbin. Da rana ta ji an ƙwanƙwasa murfi, ta fito. Ta tarar ba ki shige ɗaki ba, kina tsaye kin dafa katanga. Ta kau da kai, ta ɗauki kwanon, ta ji shi sakayau. Ta buɗe. An wanke shi tas, ba komai a ciki. Ta ce ba ta san lokacin da bakinta ya suɓuce ba.

"Ate! Lafiya? Jikin ne? Ba ki iya girki ba yau?"

Kika ce, "Na yi girki. Tambaya gare ni. Me na yi miki, Choleng?"

"Sai yau?"

"Sai yau. Allah ya sani ban sani ba. Faɗa mini."

Maƙwabta sun ce ba su taɓa jin hayaniya irin ta wannan yammaci ba. Tsofaffi biyu, katanga a tsakani, kowacce na zazzage abin da ta tara. Wata ma ta aika a kira Divina don ta ɗauka dambe za a yi. Tiya Choleng ta ce da ta kai ga zancen kujerar, sai ta ga kin sulale kin zauna a kan matakala, kina maimaitawa, "Kujerar uwa? Ni?" Ita kuma da ta ji cewa kin yi ta jiran a zo roƙonki har kin sayi yadin da za ki ɗinka, ta ɗora hannu a ka. Ta ce ba ta san yadda aka yi ta tsallake katangar ba da wannan gwiwar tata. Divina ta iso ta same ku a matakala kuna kuka kuna zagin juna da wauta.

Washegari kika kira ni da kanki. Ba gaisuwa, ba ban haƙuri, kika ce yaushe zan koyar da darasin tampo. Ranar da ta zo sai ga ki a ƙofar aji, Tiya Choleng na riƙe da hannunki. Kika ƙi zama. Kika gaya wa yaran da ba su taɓa ganinki ba cewa kin shafe rayuwarki kina koyar da wata magana mai daɗin ji, kuma kin zo ki janye ta. Kika ba su labarin auren daga farko har ƙarshe, ba ki rage wa kanki komai ba. Kika ce ƙauna ba ta sa mutum ya san abin da ke cikin ɗan'uwansa, abin da take yi shi ne ta hana shi sukuni har sai ya tambaya. Kika ce ba ki janye kapwa ba, har gobe kin yarda ba mu rabu da juna ba, amma wanda kuke manne da shi ma sai an yi masa magana. Tiya Choleng daga bencin baya ta ɗaga murya ta ce, "Shekara nawa ana biyanta albashi kafin ta gano wannan!" Ajin ya kece da dariya, ke ma kika yi har kika kama ƙirji. Na koyar da falsafa shekaru masu yawa, ban taɓa nuna wa ɗalibai abin da take nufi kamar yadda kika nuna musu a wannan rana ba.

Watannin da suka rage Allah ya ba ku su cikakku. Aka fasa katangar aka yi 'yar ƙofa. Kullum kuna tare, kullum kuna musu: kan gishiri, kan wadda mahaifiyarku ta fi so, kan kofin da likita ya hana ki kina sha a ɓoye. Divina ta kawo yaranta suka yi hutu a tsakanin gidajen biyu. A coci kuka koma tsakiyar benci kuna raɗa har Fada ya taɓa dakatawa ya dube ku. A kicin ɗin Tiya Choleng rai ya yi halinsa, kina zaune kina gaya mata ta cika wa miya tsami. Ta juya za ta rama, ta ga kanki ya langaɓe.

A kwanakin makoki falonki bai ɗauki jama'a ba, aka kafa rumfa har bakin titi. Alƙalai, malaman jinya, direbobi, limaman coci, duk tsofaffin ɗalibanki, suna shan kofi suna musu kamar yadda kika bar su. Tiya Choleng na zaune kusa da akwatin gawa ba ta ko motsi. Da na durƙusa na ɗauki hannunta, ta riƙe nawa ta ce, "Minyang, wancan shirun na iya shi. Ina jin motsinta, ina jin tarinta, na san tana nan tana fushi da ni. Wannan fa? Wa zan tambaya me na yi?" Wannan amsar ba ki koya mini ita ba, kuma ban ga littafin da ke da ita ba.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Perpetua ta dawo gare ka. Ka jiƙanta, ka gafarta mata kurakuranta na fili da na ɓoye, ka ba ta hutawa ta har abada, haskenka ya haskaka mata. Ka saka mata da kowane ɗalibi da ta ciyar, da kowane aure da ta riƙe, da ƙarfin halin da ta yi ta ce ban sani ba tun da sauran lokaci. Ina miƙa ta'aziyyata ga Divina da mijinta da 'ya'yansu, da dukan dangin Dimaculangan na gida da na Italiya, da abokan aikinta da ɗalibanta a duk inda suke. Divina, kin ga iyayenki biyu sun yi dariya tare, ki sauke wannan nauyin daga ranki.

Ke kuma Tiya Choleng, ba ki yi mata komai ba, ba fushi ta yi ba. Allah ya ba ki haƙurin wannan shirun.